Ku Sauke Wayoyin Nan, Samari

Jiya a ɗakin jira na wani asibiti na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Yaro ne da bai wuce shekara shida ba, hayaniya ta yi masa yawa, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai. Uwarsa ta durƙusa, ta sa tafin hannunta tsakanin goshinsa da siminti, tana lallashinsa ƙasa-ƙasa. Samari uku da ke gefe kuwa wayoyi suka ɗaga, suna ɗauka suna ƙyalƙyala dariya. Ɗaya har da cewa sangarta ce.

Haba 'yan'uwana! Yaron nan galahanga gare shi, abin da likitoci ke kira otizim. Ƙarar da kai ko lura ba ka yi da ita ba, shi huda masa kai take yi. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 haka yake, to wa ya ba ka tabbacin naka ba zai zo a haka ba? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kun san abin da bidiyon nan yake jawowa? Uwar da aka yi wa dariya sau ɗaya, sau biyu, kulle ɗanta take yi a ɗaki. Alhali taimako yana nan. Akwai masu koya wa yara magana, akwai katunan hotuna da yaro zai nuna ya ce ƙishirwa yake ji, akwai horon da hukumar nan ta tsara wa iyaye, akwai ƙungiyoyin iyayen da ke rage wa juna zafi. An kuma san cewa da wuri aka fi cin moriyarsu. Duk wannan sai an fito da yaro, ku kuwa kun tsare ƙofa da kyamara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba ku san dare nawa matar nan ta kwana a zaune ba.

Ga kuma masu tallan maganin warkarwa cikin kwana bakwai a WhatsApp, da masu cewa rigakafi ne ke kawo galahanga, alhali binciken 1998 da ya haifar da zancen tun 2010 aka janye shi. Su ma Allah Ya shirye su.

Abin takaici, ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu galahanga, irin samarin nan ne za su cika Facebook da kalaman tausayi.

Da, ɗa na kowa ne. Babba ya ga yaro a ƙasa, tsugunawa yake yi, ya kori 'yan kallo, kunya kuma ta hana matashi ɗaga ido. Jiya mun fi mutum ashirin a ɗakin nan, wata tsohuwa ce kaɗai ta tashi ta tsinto wa matar takalmin ɗanta.