Ɗalibin kasuwanci baƙar fata a Amurka bai kamata ya guje wa taron ƙwararru ba

Duk shekara, a wajajen Satumba ko Oktoba, dubban ɗalibai da ma'aikata baƙaƙen fata sukan hallara a ɗaya daga cikin manyan biranen Amurka domin babban taron ƙungiyar National Black MBA Association, wadda take haɗa masu karatun kasuwanci da waɗanda suka riga suka shiga aiki a bankuna da masana'antu. Na halarci wannan taro a matsayina na ɗalibin kasuwanci da ke karatun digirin farko, kuma tun bayan dawowata nake jin maganganu iri biyu daga bakin 'yan uwana ɗalibai da suka zo daga Afirka. Wasu suna cewa asarar kuɗi ce, domin wanda ya ci jarrabawa da kyau aiki ne zai neme shi. Wasu kuma suna tambayar dalilin da zai sa a ware taro da sunan launin fata. Ra'ayina shi ne abin da ɗalibi baƙar fata ya fi rasawa a wannan ƙasa shi ne mutum a cikin kamfani wanda ya san shi, zai kuma ambaci sunansa a inda ake yanke shawara, kuma irin wannan taro yana cikin wurare ƙalilan da aka gina musamman domin cike wannan giɓi.

Tun a 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya bayyana abin da ya gano a kan yadda ƙwararrun ma'aikata suke samun aiki. Ya bincika a wani gari kusa da Boston, ya tarar fiye da rabin waɗanda ya tambaya ta hanyar wani mutum suka sami aikinsu, kuma mafi yawan waɗannan mutanen ba aminai ba ne, mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi. Dalilin a fili yake. Amininka yana zaune inda kake zaune, yana jin labarin da kake ji, saboda haka da wuya ya kawo maka sabon abu. Wanda kuka yi sanin shanu da shi kuwa yana yawo a wata duniya dabam, kuma daga can labarin gurbin aiki yake fitowa.

To, su wa suke da irin waɗannan mutane? Ɗalibin da mahaifinsa lauya ne, kawunsa manajan banki, maƙwabcinsu kuma yana da kujera a hukumar gudanarwar wani kamfani, ya gaji sanayya tun kafin ya san amfaninta. Sai a 1964 dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta haramta nuna bambancin launin fata wajen ɗaukar aiki a duk faɗin Amurka, wato kakannin abokan karatuna baƙaƙen fata sun yi ƙuruciyarsu a zamanin da ake iya rufe musu ƙofar ofis a bainar jama'a, a jihohi da dama doka kuma ba ta ce uffan ba. Tabon wannan tarihi yana nan a cikin alƙaluma. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna cewa dukiyar matsakaicin gidan fararen fata ta kai kimanin dala 285,000, ta gidan baƙaƙen fata kuwa kimanin dala 44,900. Akwai kuma gwajin da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, inda suka aika wa kamfanoni a Boston da Shikago takardun neman aiki kusan 5,000, suka sanya wa wasu sunayen da aka san fararen fata da su, wasu kuma sunayen baƙaƙen fata. Takardu masu sunayen fararen fata sun fi samun kiran ganawa da kimanin kashi 50 cikin ɗari, alhali karatu da ƙwarewar da aka rubuta iri ɗaya ne. Duk wanda yake ɗauke da suna irin namu ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan sakamako kafin ya ce takardar shaida kaɗai ta ishe shi. Amfanin taro na farko shi ne yana fitar da kai daga cikin tarin takardu, ya tsayar da kai gaban mutum, ya ji muryarka, ya ga yadda kake tunani.

Zuciyar taron wani makeken zaure ne da kamfanoni suke kafa rumfunansu, kowace rumfa da wakilai da layin ɗalibai sanye da kwat, riƙe da takardar tarihin karatu da aiki. Idan layi ya zo kanka, minti ɗaya ko biyu kake da shi ka faɗi ko kai wane ne, me ka iya, me kuma kake nema. Wanda ya burge wakili akan ba shi lokacin ganawa a nan take, a wasu ƙananan ɗakuna da aka tanada a gefe. Akwai laccoci, akwai gasar warware matsalar kasuwanci tsakanin jami'o'i, akwai kuma liyafar dare. Amma abin da ya fi taɓa ni ba ya cikin jadawali. A ajinmu ana iya ƙirga baƙaƙen fata da yatsun hannu, kuma mutum yakan ji kamar duk kuskuren da ya yi za a rubuta shi a kan jinsinsa baki ɗaya. A wannan zaure kuwa akanta baƙar fata ne, mai kula da zuba jari baƙar fata ce, wanda zai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki ma sau da yawa haka. Nauyin da mutum ya saba ɗauka sai ya sauka, hankalinsa ya koma kan aikin da ya kawo shi. Na ga bambanci sosai tsakaninmu da ɗaliban jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata, irin su Howard da Morehouse da Spelman, waɗanda suke shigowa rukuni-rukuni, sun san tsofaffin ɗalibansu a kusan kowace rumfa, suna magana ba tare da ɗari-ɗari ba. Su wannan yanayi ne abincinsu na yau da kullum.

Yawancin ɗalibai suna zuwa da burin gaisawa da manyan shugabannin da ke hawa dandamali. Ba laifi ba ne, sai dai shugaban da mutum ɗari suka kewaye ba zai tuna da fuskarka ba. A ganina mutanen da suka fi amfani su ne waɗanda suka riga ka da shekara biyu ko uku, waɗanda zafin neman aiki bai gama barin jikinsu ba. Daga bakin irinsu na ji abubuwan da ba a koyarwa a aji: cewa manyan bankunan zuba jari sukan fara zaɓen ɗaliban da za su yi horon sanin makamar aiki fiye da shekara guda kafin lokacin, ta yadda wanda ya jira shekarar ƙarshe ya riga ya makara, cewa akwai shirye-shirye irin su INROADS, wanda aka kafa a Shikago a 1970, da Management Leadership for Tomorrow, waɗanda suke horar da ɗalibai su kuma haɗa su da kamfanoni, da kuma yadda ake tattauna albashi ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Ɗan mai gata a teburin cin abincin gidansu yake jin waɗannan bayanai. Tarihin Ursula Burns yana nuna yadda abin yake tafiya. Ta shiga kamfanin Xerox a 1980 a matsayin ɗaliba mai horon bazara, bayan shekara goma wani babban jami'i ya lura da ita ya ɗauke ta mataimakiyarsa, a 2009 kuma ta zama mace baƙar fata ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Amurka 500. Ƙwazonta babu mai musun sa, amma sai da wani na ciki ya gan shi kafin ya yi tasiri.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, mu da muka taso a ƙasar Hausa. An yi mana tarbiyya da kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro ba ya zura wa babba ido. Ina alfahari da wannan tarbiyya, ba na kuma ba kowa shawarar ya yar da ita. Amma wakilin kamfani bai san ta ba, kuma idan ka sunkuyar da kai ka yi ƙasa da murya, abin da zai fahimta shi ne ba ka da abin faɗa. Wanda ya ce ya jagoranci ƙungiyar ɗalibai, ya tara mata kuɗi kaza, ya kuma koyi darasi kaza, bayani yake bayarwa ga mai buƙatar bayani, kuma babu fahariya a ciki muddin gaskiya ce. Wasu kuma suna ƙyamar abin ne domin yana tuna musu da alfarma da wa-ka-sani da suka lalata ɗaukar aiki a gida. Na fahimci wannan ƙyama, amma abin ya fi kama da yadda ake shigar da yaro kasuwar Kantin Kwari a Kano: wani ne zai kama hannunsa ya kai shi wurin uban gida, ya ce na san shi, mai amana ne, daga nan kuma lissafinsa da halinsa ne za su tsayar da shi a shagon ko su fitar da shi. Sanayyar da ake ƙullawa a taro tana sa a saurare ka. Jarrabawar ɗaukar aiki tana nan, kuma kai ne za ka zauna mata.

Abin da ya fi damuna shi ne halin wasu daga cikinmu 'yan Afirka na ja da baya daga baƙaƙen fatar Amurka, har ka ji mutum yana cewa mu ba irinsu ba ne. Wannan rashin sanin tarihi ne, kuma butulci ne. Ƙungiyar da ta shirya taron da na je a 1970 aka kafa ta a Shikago. Shekara guda kafin nan, akantoci tara baƙaƙen fata suka kafa tasu ƙungiyar a birnin Niyok, a lokacin da yawan masu lasisin akanta baƙaƙen fata bai taka kara ya karya ba. Tun a 1900 Booker T. Washington ya tara 'yan kasuwa baƙaƙen fata a Boston domin su riƙa dafa wa juna. Hatta dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin fifita 'yan Turai ta kuma buɗe hanya ga 'yan Afirka da Asiya, a cikin guguwar fafutukar baƙaƙen fata aka haife ta. Mun tarar da gida ginanne, kuma jama'ar da na haɗu da su a can sun karɓe ni hannu bibbiyu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yan garin nan sun san abubuwa game da ofisoshin Amurka waɗanda baƙo ba zai gane su ba sai ya sha wuya.

Taron yana da nasa ƙalubale, kuma ba zan ɓoye su ba. Kuɗin rajista da na jirgi da na masauki suna iya haura abin da ɗalibi yake ci a wata, wanda hakan yana nufin waɗanda suka fi kowa buƙatar taron su ne suka fi kasa zuwa. Jami'o'i da yawa suna da asusun tallafa wa irin wannan tafiya, amma sai an nema, kuma ɗalibai sukan haɗu su raba kuɗin ɗaki. Ga ɗan ƙasar waje kuma akwai batun biza. Bayan kammala digiri ana ba shi izinin aiki na wata 12, wanda ake ƙara wa wata 24 idan karatunsa yana cikin fannonin kimiyya da fasaha da lissafi, daga nan sai kamfani ya nema masa bizar ƙwararru ta H-1B, wadda gurbinta 85,000 ne a shekara kuma masu nema sun ninka haka. Saboda wannan, a rumfuna da dama tambayar farko ita ce ko kana buƙatar a ɗauki nauyin bizarka, kuma amsar tana iya kawo ƙarshen hirar. Yana da ciwo. Maganinsa shi ne a binciki kamfanonin da suka saba ɗaukar 'yan ƙasar waje tun kafin a bar gida, a ba su mafi yawan lokaci, sauran lokacin kuma a kashe shi wajen sanin mutane, domin wanda kamfaninsa ba zai iya ɗaukarka ba yana iya sanin wanda zai iya.

Masu tambayar dalilin ware taro da sunan launin fata kuwa, ba a tsayar da kowa a ƙofa saboda launinsa, kuma na ga fararen fata da 'yan Asiya a cikin zauren. Sanayyar da ake gada a gidajen masu hali ita ce wadda ba ta da ƙofar da baƙo zai ƙwanƙwasa. Lamarin ya ƙara muhimmanci tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023, wanda ya hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, da kuma umarnin da gwamnatin tarayya ta fitar a farkon 2025 na rufe shirye-shiryen daidaita wakilci a ma'aikatunta. Kamfanoni da dama sun bi sahu sun rage nasu. Idan shirin da kamfani ya kafa yana iya gushewa da canjin siyasa, abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ƙungiyoyin da baƙaƙen fata suka gina da kansu, da mutanen da ya sani a cikinsu.

Saboda haka ina da roƙo ga yayyenmu Hausawa da suka riga suka kama aiki a bankuna da kamfanonin wannan ƙasa. Ƙannenku za su dawo daga irin waɗannan taruka su aiko muku da saƙo a LinkedIn ko ta imel, wataƙila da Turanci mai rawa, wataƙila cike da gaisuwa kafin a kai ga buƙata. Ku amsa musu, ku ba su minti goma sha biyar a waya, ku duba musu takardunsu, idan kuma kun gamsu da su ku miƙa sunayensu ga masu ɗaukar aiki a wurarenku kafin a rufe karɓar takardun bana.