Kogi ɗaya, doka biyu: me ya sa nake goyon bayan tilasta tayar hunturu

Gudun da nake yi bai kai kilomita 30 a awa ba ranar da mota ta ƙi jin birki a hannuna. Watan Disamba ne, shekarata ta farko a Ottawa, babban birnin Kanada. Da asuba dusar ƙanƙara ta ɗan zuba, ba wata mai yawa ba, kamar an barbaɗa gari a kan kwalta. Na iso wata mahaɗa a cikin unguwa inda doka ta ce a tsaya, na taka birki, sai na ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuwa ta ci gaba da sulalewa a hankali kamar kwalekwale. Ina salati, ina murza sitiyari, ita tana tafiyarta, har tsakiyar mahaɗar. Wata dattijuwa da ke tahowa ta hannun dama ta tsaya cak, ta bar ni na wuce da kunyata. Motarta ƙarama ce, ta kuma fi tawa tsufa nesa ba kusa ba. Titi ɗaya muka taka, sanyi ɗaya ya same mu. Abin da ya raba mu tayoyi ne.

Mutumin da ya sayar mini da motar sai da ya buga tayar gaba da ƙafa yana cewa sababbi ne, kuma na kowane yanayi ne, in hau kawai. Bai yi ƙarya ba, don ga shi nan a rubuce a jikinsu: All Season. Ni kuma da na taso inda tayar mota taya ce kawai, in dai zanenta bai suɗe ba, sai na ɗauka magana ta ƙare.

Ottawa gari ne mai kyau na yin wannan muhawara, domin kogi ne kawai ya raba shi da garin Gatino na lardin Kebek. Ka hau gada, cikin 'yan mintoci ka bar lardin Ontariyo ka shiga Kebek. A can, tun 2008 doka ta wajabta wa motocin da ke da rajistar lardin su sa tayar hunturu, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wanda ya ƙi kuma tarar dala 200 zuwa 300 na jiransa. A wannan gaɓar kogin kuwa ganin dama ne. Abin da gwamnatin Ontariyo ta yi shi ne, tun 2016 ta umarci kamfanonin inshora su riƙa yi wa mai tayar hunturu ragi. Alhali dusar da ke zuba a Gatino ita ce ke zuba a Ottawa, fiye da mita biyu a shekara in an haɗa, kuma a watan Janairu ba abin mamaki ba ne sanyin dare ya wuce 20 ƙasa da sifili. Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina tuƙi a gaɓoɓin biyu, shi ne Kebek ce ke da gaskiya.

Yawancin baƙi irina suna zaton maganar dusar ƙanƙara ce kaɗai, shi ya sa za ka ji mutum na cewa ai ana share titi, ana zuba gishiri, kwalta baƙa ƙirin take, mene ne na wahalar da kai? Asalin matsalar a jikin robar take. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tiyon ban ruwa da sanyin safiya ya san yadda yake ƙandarewa, in rana ta buɗe kuma ya yi laushi. Haka taya take. Robar tayar kowane yanayi tana fara tauri da zarar ma'auni ya sauko ƙasa da 7 a Selshiyas, tun kafin ruwa ya daskare ke nan. Roba mai tauri ba ta lanƙwasa ta shiga ƙananan ramukan kwalta, sai dai ta bi ta sama. Tayar hunturu an haɗa robarta yadda za ta zauna da laushinta a tsananin sanyi. Ka danna ta da babban yatsa a watan Janairu, za ka ji tana lotsawa, ɗayar kuwa kamar ka danna katako.

Sai zane. In ka tsuguna ka duba tayar hunturu da kyau, za ka ga kowane tudu na zanenta an yi masa ƙananan tsage-tsage masu yawa, sirara kamar tsagar aska. Yayin da taya ke juyawa, tsagar nan na buɗewa tana cizon ƙasa, tana kuma zuƙe ɗan siririn ruwan da ke kwance a kan ƙanƙara, wanda shi ne ainihin mai kawo santsi. Manyan ramukan kuwa suna cika da dusa da gangan, domin dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa fiye da yadda roba ke kama ta, kamar yadda ake dunƙula ta a hannu ta manne. Ka tuna kuma cewa duk nauyin mota da na mutanen cikinta a kan wurare huɗu yake, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da wani abin kirki ba.

Ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin da a yau ake kira Nokian, a ƙasar Finlan, ya ƙera tayar hunturu ta farko tun 1934, don manyan motoci. Ita tayar kowane yanayi ce baƙuwa: Goodyear ya fito da ita a Amurka a 1977, don ya hutar da mutane sauya taya sau biyu a shekara. Dabara ce mai kyau ga mai zama inda sanyi ke leƙowa ya koma. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Robar da za ta jure zafin kwalta a watan Yuli ba tare da ta cinye ba, ita ce za ta ƙandare a Janairu. Masu sana'ar taya a nan, in suna magana tsakaninsu, tayar yanayi uku suke ce mata.

Akwai wata alama da ke ruɗar mutane, ni ma ta ruɗe ni: M+S, wato taɓo da dusa. Kusan duk tayar kowane yanayi na ɗauke da ita, sai mai saye ya ɗauka an gama. Wannan alama siffar zanen taya kawai take nunawa, ba a gwada tayar a kan dusa kafin a buga ta. Alamar da ke da ma'ana ita ce hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa, wadda masu masana'antar roba na Amurka da Kanada suka fito da ita a 1999. Taya ba ta samunta sai an gwada ta a kan dusa ta fi tayar da ake auna sauran da ita kama ƙasa da aƙalla kashi 10 cikin 100. Jamus ta fahimci wannan bambanci: daga Oktoban 2024 ta daina karɓar M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu.

Masu jif su ne suka fi wuyar shawo kai. Mutum zai ce maka motarsa da ƙafa huɗu take ja, ba ruwanta da santsi. Gaskiya ne tana tashi daga tsaye ba gardama, tana hawa tudu inda wasu ke ta wulwula taya. To amma wajen tsayawa, kowace mota da ƙafa huɗu take birki, jif ko ƙaramar tasi, kuma jif ta fi nauyi. Jan ƙafa huɗu yana ɓoye wa direba santsin titi ne, ya ba shi ƙarfin gwiwar ƙara wuta, sai ya zo kwana ko danja gaskiya ta bayyana. Duk safiyar da aka kwana ana zuba dusa, in ka bi babbar hanya ta 417 ka dubi motocin da suka faɗa rami, za ka sha mamakin yawan manyan da ke ciki.

Hujjar da na fi girmamawa daga masu adawa da doka ita ce ta kuɗi, don na ɗanɗana. Ɗalibi ko sabon zuwa da ya haɗa 'yan daloli da ƙyar ya sayi tsohuwar mota, ga haya, ga inshorar da ake tsawwala wa wanda ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar, ga 'yan'uwa a gida suna jiran aike, a ce masa ya sake fitar da dala 600 zuwa 1,000 kan tayoyi huɗu, ba ƙaramin abu ba ne. Ragin inshorar ma ba wani abin a zo a gani ba ne, da wuya ya wuce kashi 5 cikin 100. Ga kuɗin sauyawa sau biyu a shekara, ga neman wurin ajiya ga mai zama a ɗan ɗaki a bene na tara. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Duk watan da tayar hunturu ke kan mota, ɗayar na kwance tana hutawa, don haka saitin tayoyi biyu suna kai ka kusan ninkin tafiyar da saiti ɗaya zai kai ka. Kuɗin da za ka kashe nan da shekara uku ne ka kashe yau. Ainihin ƙarin shi ne na wili da na sauyawa, kuma in ka sayi wilin ƙarfe mai araha aka ɗaura tayoyin a kai sau ɗaya, kai da jak da sifana za ku iya sauyawa a ƙofar gida. Ka ɗora wannan a sikeli da karo ɗaya tak, ko da na goge bamba ne: kuɗin da za ka fara biya daga aljihunka kafin inshora ta sa hannu, da ƙarin da za a lafta maka shekara da shekaru.

Dabarar da ba na so ko kaɗan ita ce ta sayen biyu kawai a sa a gaba. Gaba zai kama ƙasa, baya ya zame, a kwana ta farko motar ta juyo tana kallon inda ta fito. Hukumar sufuri ta Kanada huɗu take cewa a sa, kuma a nan ba ta yi zuzutawa ba.

Me ya sa sai doka, ba a bar kowa da hankalinsa ba? Domin titi ba gonar mutum ɗaya ba ce. Ranar da na sulale cikin mahaɗar nan, ba raina kaɗai na sa a caca ba, har da na matar da ta biya kuɗinta ta yi abin da ya kamata, da na duk yaron da zai iya tsallakowa da jakar makaranta. Ba mugunta ce ta sa ni ba, rashin sani ne, kuma da a ɗaya gaɓar kogin na yi wa motar rajista, da tun ranar farko an gaya mini. Amfanin doka ke nan ga baƙo: tana koya masa abin da ɗan gari ya gada daga ubansa.

Na yarda cewa ba lallai kowa ya kwafi Kebek baƙi da baƙi ba. Jamus ba ta sa rana ba, cewa ta yi in akwai ƙanƙara ko dusa a titi kada ka fito sai da tayar da ta dace, in aka kama ka tarar Yuro 60. Suwidin ta haɗa biyun: daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, in yanayin titi na hunturu ne. Ontariyo ma faɗi gare ta, sanyin Windsor da ke can kudu ba ɗaya ba ne da na Ottawa. Sannan yanzu akwai taya ta uku, wadda ake rubuta wa All Weather, irin su Michelin CrossClimate. Tana ɗauke da alamar dutsen nan, ana barinta a mota duk shekara, kuma dokar Kebek ta karɓe ta. Ba ta kai tayar hunturu ta ainihi kama ƙanƙara ba, amma ga mai zirga-zirgar cikin gari da ba shi da wurin ajiya, ta rushe rabin hujjar kuɗi. Idan tayoyinka sun suɗe dama za ka sayi wasu, sai ka sayi masu alamar.

Kada kuma wanda ya sa tayar hunturu ya ɗauka ya yi maganin ƙarfe. Akwai ƙanƙarar da ba a gani, siririya mai kama da jiƙaƙƙiyar kwalta, ta fi zama a kan gadoji da inuwar bishiyoyi, wadda ba tayar da ke yi mata dariya. Tayoyi masu ƙusoshi ne kaɗai ke ɗan cizonta, su kuma suna cin titi, shi ya sa aka hana mazauna kudancin Ontariyo amfani da su, Jamus ma haka. Rage gudu da barin tazara suna nan daram. Iskar taya ma tana raguwa in sanyi ya ƙaru, sai ana dubawa.

Laushin da ke sa tayar hunturu aiki a sanyi shi ne ke kashe ta a zafi: tana cinyewa da wuri, birkinta ya yi tsawo, mota ta riƙa lilo a kwana. Shi ya sa da zarar Afrilu ya kama kowa a nan ke rububin cire ta. To ina waɗanda aka gama da su a Turai suke zuwa? Wasunsu suna cikin tayoyin gwanjon da muke kira 'yan Beljiyam. Bara ƙanina ya kira ni daga Kano yana murnar ya samu tayoyi huɗu masu zurfin zane a farashi mai sauƙi, zai yi tafiyar Kaduna da iyali, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura 40. Na ce ya ɗauko mini hoton gefen ɗaya daga ciki. Ga dutse mai kai uku raɗau, ga ƙwayar dusa a cikinsa, ga kuma lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna lokacin ƙira: 3814, wato mako na 38 na shekarar 2014. Na tambaye shi ko mai tayar ya yi masa bayanin hoton. Ya ce e, ya gaya masa alamar tana nufin taya ce ta hawa dutse.