Wa ke tambayar masu kaki a madadinmu?

Haba jama'a, wai sai yaushe ɗan Zango a nan Ghana zai shiga ofishin gwamnati, ko ya wuce shingen hanya, ba tare da an yi masa kallon baƙo ba? Lokacin kamfen babu ɗan takarar da ke tambayar inda aka binne cibiyar kakanmu. Su zo unguwanninmu na Kumasi, su zo Aboabo, su zo Sawaba, su cika Asawase da ganguna da riguna masu hotonsu, ranar Juma'a ma a sahun gaba za ka gan su. Mu fita tun da asuba mu yi layi, mu dangwala, mu tura su Akra. Da zarar an rantsar da su, shi ke nan, a bar mu da masu kaki, daga mu sai Allahnmu.

Duk mai bin motar dare daga Kumasi zuwa arewa ya san abin da nake faɗa. Mota ta tsaya, a buɗe ƙofa, tocila ta fara yawo a fuskokin mutane. Ba kan kowa take tsayawa ba. Mai doguwar riga da hula, mai gemu, mai tsage a kumatu, ko wanda ya yi kama da Bafulatani, shi za a ce ya sauko. Da idona na ga an sauke wani dattijo mai fataucin shanu da ke kujerar gabana. Ya ciro katinsa daga cikin leda, hannu na rawa, ya miƙa. Yaron da bai wuce sa'an jikansa ba ya juya katin gaba da baya, ya haska, sannan ya ce, "A ina ka samo wannan?" Aka bar tsoho tsaye cikin sanyi, fasinjoji na ta tsaki, har yaron mota ya matsa kusa da shi ya ce, "Baba, yi haƙuri ka ba su na shayi, dare na yi." Ya zura hannu a aljihu, ya sallame su, ya dawo ya zauna, bai ƙara cewa uffan ba har Tamale. Rasit kuwa, kada ma ka tambaya.

Gwaggona a nan Kumasi aka haife ta tun zamanin Turawa, mahaifiyarta ma haka. Da kuɗin koko da ƙosai ta aurar da 'ya'yanta, in tana Tonanci kuwa ba ka ce ba 'yar Asante ba ce. Ta je wani ofishi neman wata takarda, aka ce ina ne garinku. Ta ce Kumasi. Aka ce a'a, garinku na ainihi. Ta ce Zangon Kumasi. Sai aka ce ta kawo takardar haihuwar mahaifinta. Ta dubi ma'aikacin ta ce, "Ɗana, uban nawa da ƙasa ta rufe tun ba a haifi uwarka ba, wa ke rubuta haihuwa a lokacinsu?" Ya tura mata takardunta gefe, ya kira na bayanta.

Alhali doka ba haka ta ce ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta fayyace cewa wanda aka haifa a nan kafin 6 ga Maris 1957, matuƙar ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini. Babu inda aka rubuta cewa sai kana da ƙauyen da ake zuwa jana'iza ranar Asabar. Kakanninmu sun yi fataucin goro a Salaga tun ba a san wata ƙasa mai suna Ghana ba. Su kansu 'yan sandan ƙasar nan, in aka bi salsalarsu, sai an tarar da Hausawan da Kyaftin Glover ya kwaso daga Legas a shekarun 1870. Kuma tsofaffinmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutane suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance. Shi ya sa in mai kaki ya ce wa dattijo "a ina ka samo wannan", cikinsa ke ɗurar ruwa. Yanzu kuma ga shi komai ya rataya a kan Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa: banki tun Yulin 2022, layin waya ma haka. Wanda aka yi wa shakka sau ɗaya, an tsayar masa da cinikinsa da aiken kuɗinsa gaba ɗaya.

Kada wani ya ce ina cewa a buɗe iyaka kowa ya shigo. Muna jin abin da ke faruwa a Burkina Faso, kuma mun san a cikin Zango akwai baƙi na gaske, wasu da takarda wasu babu. A bincika, amma a bincika bisa doka, kuma a samu mai tambayar mai binciken. To wa ke da wannan aikin? Majalisa. Domin shi muke biyan mutum 276 albashi da alawus.

Ba ƙarfi suka rasa ba. Sashe na 103 ya ba kwamitocin majalisa iko irin na babbar kotu: su kira shaida dole ya zo, su rantsar da shi, su ce a kawo takarda dole a kawo. Suna da kwamitin tsaro da harkokin cikin gida. Kowane ɗan majalisa na iya rubuta tambaya a sa minista ya tsaya gaban zaure ya amsa. Kuɗin da ma'aikatar cikin gida ke kashewa a kan 'yan sanda da jami'an shige da fice da gidajen yari, sai majalisa ta sa hannu yake fita. Sashe na 82 ma ya ba su damar kaɗa ƙuri'ar tsine wa minista. Duk wannan makami a hannunsu, amma mu ga abin da aka yi da shi.

A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon nan namu a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Sai da matasa suka fito titi, malamai da sarakunan Zango suka sa baki, sannan aka kafa kwamiti. Kwamitin ya ce bai ga hujjar da ke nuna 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000. To daga nan fa? Rai bakwai, a miƙa cek a ɗauki hoto, a ce an gama? Maganar da ya kamata a riƙa tayarwa a zauren majalisa duk shekara, a ce minista ya zo ya faɗi inda shari'a ta kwana, wa aka gurfanar, wa aka kora, wa aka mayar bakin aiki, sai ta koma hirar majalisar shayi a unguwa. A Yunin 2021 sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Ejura, mutum biyu suka mutu, kuma ministan cikin gida ne ya kafa kwamitin bincike, wato gwamnati ke binciken kanta. A Maris 2023 sojoji suka yi wa Ashaiman dirar mikiya da asuba saboda an kashe musu ɗan'uwa, suka kwashi mutum 184, duniya ta ga bidiyon yadda ake zane bayin Allah ana sa su birgima a ƙasa. Kullum salon ɗaya ne: a yi kuka, a kafa kwamiti, manya su zo jaje da buhunan shinkafa, sai kuma shiru kake ji wai malam ya ci shirwa.

Ga wani abin da ya fi ƙona min rai. A 2016 gwamnati ta karɓi mutum biyu 'yan Yaman daga gidan yarin Guantanamo ba tare da ta bi ta majalisa ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa sashe na 75, irin wannan yarjejeniya sai majalisa ta amince. A Satumban 2025 kuma sai ga Shugaba Mahama da bakinsa yana tabbatar da cewa an sauke mutum 14 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro, gwamnati ta ce ai takardar fahimtar juna ce, ba ta buƙatar amincewar majalisa. Ikon Allah! Wanda jirgi ya kawo daga Amurka ya shigo ba a tambayi wakilan jama'a ba, gwaggona kuma a ce sai ta tono takardar mamaci. A watan Mayun shekarar ne kuma aka kwashe mabarata sama da 2,000 a titunan Akra, akasarinsu 'yan Nijar, har da mata da ƙananan yara. Ko ka goyi bayan kamen ko ba ka goya ba, ai akwai tambayoyi: yaya aka tantance su, a ina suka kwana, nawa aka kashe, akwai ɗan ƙasa da aka haɗa da shi bisa kuskure? Waɗannan a zauren majalisa ya kamata a amsa su a rubuce, ba a gaban 'yan jarida na minti biyar ba.

Dalilin wannan sanyin jiki ba ɓoyayye ba ne. Sashe na 78 ya ce yawancin ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su. Wane ɗan jam'iyya mai mulki ne zai matsa wa minista lamba alhali shi ma kujerar yake hange? Tsine wa minista kuma sai da kashi biyu bisa uku na duka zauren, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba sai masu rinjaye sun yarda su yanka nasu. 'Yan adawa su ne masu ihu, amma ku lura da kyau: wanda ya yi ihu jiya, yau da mulki ya dawo hannunsu ya zama mai ba da haƙuri, wanda jiya ya toshe kunne kuma yau shi ne mai kishin talaka. Manyan jam'iyyun nan biyu, NDC da NPP, kowa ya yi wannan rawar a gabanmu, ba wanda zai yi wa wani gori.

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba. In Onarabul ya shigo unguwa, me muke kai masa? Katin ɗaurin aure, kuɗin suna, kuɗin makaranta, kujerar Makka, a sa ɗana aikin ɗamara. Mutumin da muka aika ya roƙo mana gurbi wajen minista da safe, ta yaya zai tsare ministan da tambaya da rana? Mu muka mayar da shi maroƙi, sannan muna mamakin bakinsa ya mutu.

Yanzu kuwa uzuri ya ƙare. Tun 2025 ministan cikin gida, Alhaji Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase ne, mazaɓar da samarin nan bakwai da aka harbe suka fito. Tun 2005 yake majalisa, ya yi shekaru yana ɓangaren masu tambaya, ya san kowace ƙofa. Ranka ya daɗe, ba alfarma muke nema ba don kai namu ne. Abin da muke so, abokan aikinka su kira ka, ka zo ka amsa. Shingaye nawa ne halastattu tsakanin Kumasi da Paga ta bakin iyakar Burkina Faso, kuma wa ya ba da izininsu? Ƙorafi nawa aka shigar kan karɓar na goro a hanya, jami'i nawa aka hukunta? Mutum nawa aka hana takarda saboda shakkar asalinsu, daga waɗanne unguwanni, kuma ina mutum zai ɗaukaka ƙara in ba shi da kuɗin lauya? A sa jami'in kan hanya ya rataya suna da lamba inda tocilar fasinja za ta gani. A sa ranar amsa, a buga amsar, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da Tonanci da Dagbanci. In kuma kwamitin tsaro da harkokin cikin gida yana ganin ƙari muke yi, ya taso daga Akra ya yi zama ɗaya a fili a Aboabo, ya ba direbobin motar dare da 'yan fataucin shanu makirfo, ya kawo magatakarda mai saurin hannu.