Shirun mace gaban mai ba da shawara

A Zamfara ana yawan ɗauka cewa idan mace ta ce wa mai ba da shawara kan damuwa "lafiya lau", to babu abin da ke damunta. Ba haka ba ne. Kunya ce ke riƙe bakinta, balle idan namiji ne ke tambaya, ko surukarta na zaune a ɗakin. Matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauye zuwa Gusau, sau da yawa ciwon kai, faɗuwar gaba da rashin barci za ta ambata, ta ɓoye tsoron da ke cinta. Namiji kuwa gudun a ce ya karaya yake yi. Shi ya sa ya kamata a gana da mutum shi kaɗai, da harshensa, ba tare da gaggawa ba.