Ɗan tsako ya samu Steam Deck

Tun ranar Juma'a wani bawan Allah ya hana mu shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisa. Ban kira suna ba. Yayansa ne ya aiko masa da Steam Deck, wani injin gem na hannu, daga waje, shi ke nan fa, duk wanda ya ambaci PSP, tsohon gem ɗin hannu na Sony, a gabansa sai ya taɓe baki, wai kayan gwanjo ne, wai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ɗan tsako, samu ka ƙi dangi.

Ni ban raina injin ba. Kamfanin Valve ya fito da shi a 2022, kwamfuta ce sukutum aka dunƙule ta, hotonsa kuwa ba a magana. Amma abin da ya haura rabin kilo, ba ya shiga aljihun kaftani, sai an rataya masa jaka kamar jariri, shi ne gem na hannu? Ka ɗora masa babban wasa, awa 2 batir ya ce ga garinku nan. Shekaranjiya da aka ɗauke wuta tun la'asar, ku tambayi inda ya kwana. A shagon mai caji, cikin jerin ƙananan wayoyi, an manna masa lamba da farin tef a baya. Mai shi kuwa yana kan benci, ya miƙa wuya yana leƙen wani yaro da ke buga ƙwallo a waya da manhajar PPSSPP. Ban ce masa komai ba, don ina jin bai san cewa PSP ɗin da ya raina manhajar ke kwaikwaya ba.

Har cewa ya yi kafin nasa ba a taɓa yin na kirki ba. Da ya tambayi manya. A 1989 Nintendo ta fito da Game Boy, aikin Gunpei Yokoi, allonsa ko kala babu, sai wani kore-kore kamar ruwan kududdufi. Shekara na zagayowa Sega ta zo da Game Gear, mai kala, mai haske, mai cika hannu. Game Gear na cin batir 6 ya ƙare cikin awa 3 zuwa 5, Game Boy da batir 4 yana haura awa 10 bai nuna gajiya ba. Game Boy da ƙanensa mai kala sun haura miliyan 118 a kasuwa, mai ƙyalƙyalin bai kai miliyan 11 ba. Idan labarin ya yi kama da na wani mai ciki da yawa, ba ni na haɗa ba.

Ni dai PSP na zaɓa, kuma na san DS na Nintendo ya fi shi ciniki, miliyan 154 a kan wajen miliyan 80. Wannan lissafin duniya ne, ba na Kano ba. A Kano wa ka gani da tsinken DS yana tsokanar allo? Sony ta fito da PSP a ƙarshen 2004, ya iso mana kamar don mu aka yi. Ka kai memori Farm Centre a zuba maka wasanni, ba ruwanka da data. Murfin baya ka zare da babban yatsa, ka sa batirin da ka ajiye a aljihun gaba, wasa ya ci gaba. Ka tura ɗan makunnin nan na WLAN mai haɗa PSP da PSP, abokinka ya tura nasa, kai kana wannan bakin tabarmar shi yana wancan, ku buga wasan ƙwallo na PES ba waya ba intanet har mai shayi ya fara kife kofuna. Yana da aibunsa, ban ɓoye ba: analog, wato ɗan maɓallin juya ɗan wasa, ɗaya tal, faifan wasansa na UMD kuma ƙugi yake kamar injin markaɗe. Ƙanensa Vita da ya zo a 2011 ya fi shi komai, tsadar memori ta taimaka wajen kashe shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, akwai wanda a shekarun nan bayan sallar isha'i ba ya wuce zauren gidanmu. Yana tsugune gefe, "Don Allah Yaya, ko rabin lokaci ne ka ba ni." In an ba shi ya ɗauki Barcelona, a zura masa 5, ya ce analog ne ya saki. Yau shi ne ke koya mana gem. Ni ban ce kai ne ba, mutumina, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kuma tunda PSP ya zama kayan gwanjo, ina jin memorina mai 4GB da aka ara da Babbar Sallah, wai kwana biyu kawai, ba shi da sauran amfani a wajen mai aron. Master League ɗina, gasar da nake bugawa a PES, na ciki, na kai kaka ta 7. A ba mai shayi ya ajiye min, ba sai mun haɗu ba.