Elizabeth Robins da matan da ta hana a yi musu shiru

Idan aka ambaci Elizabeth Robins, yawanci ana tuna wasan kwaikwayonta na 1907, Votes for Women, wanda aka nuna a Landan lokacin da matan Ingila ke fafutukar samun 'yancin jefa ƙuri'a. Ni kuwa a ganina jarumtarta ta fi fitowa a wasan da ta yi shekara 14 kafin nan.

Robins 'yar Amurka ce, an haife ta a 1862, ta koma Landan a 1888 ta yi suna a fagen wasan kwaikwayo. A 1893 ita da marubuciya Florence Bell suka rubuta wasan Alan's Wife, suka ɓoye sunayensu. Labarin Jean ne, matar wani ma'aikaci a arewacin Ingila. Injin masana'anta ya kashe mijin tana da juna biyu, ta haifi ɗa mai naƙasa, ta yi masa baftisma da hannunta, sannan ta kashe shi. Babu mai hankalin da zai wanke wannan aiki, ni ma ban wanke shi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne fitowa ta ƙarshe: ana ta yi wa Jean tambayoyi, tana tsaye baki a rufe, amsoshinta kuwa an rubuta su a takardar wasan, ba a ba 'yar wasa ta furta ba. Masu kallo sai dai su karanta fuskarta. Haka rayuwar talakar mace take a lokacin, ana yanke mata hukunci ba a ji ta bakinta ba.

Wasu na cewa wasan 1907 farfaganda ce kawai, kuma gaskiya taron dandalin Trafalgar da ke tsakiyarsa jawabi ne bayan jawabi. Amma a duba Vida Levering, jarumar wasan. Geoffrey Stonor ya yi mata ciki, aka zubar, shi ya wuce ya zama babban ɗan siyasa, ita aka bar ta da abin kunya. Da suka sake haɗuwa ba ta nemi aure ko kuɗi ba, ta nemi ya goyi bayan ƙuri'ar mata a majalisa. Robins ta gane cewa wanda ya jawo ɓarnar shi ne kuma mai rubuta doka.

Sai a 1918 aka ba wasu matan da suka kai shekara 30 ƙuri'a, a 1928 aka daidaita su da maza. Robins ta ga duka biyun, ta rasu a 1952.