Kujerar Babban Minista a Indiya da rigimar wanda zai ƙirga 'yan majalisa

Ranar 16 ga Agustan 1984 gwamnan jihar Andhra Pradesh da ke kudancin Indiya, Ram Lal, ya tsige Babban Ministan jihar, N.T. Rama Rao. Mutumin ko gama warwarewa bai yi ba, don dawowarsa ke nan daga Amurka inda aka yi masa tiyatar zuciya. Gwamna ya ce ya gamsu cewa Rama Rao ba shi da rinjaye a majalisar dokoki, ya rantsar da ministan kuɗinsa, Nadendla Bhaskara Rao, ya kuma ba shi wata guda cur ya nemo magoya baya. Majalisa ba ta zauna ba, ba wanda ya ɗaga hannu aka ƙirga.

Rama Rao tsohon jarumin fim ne, ya san yadda ake tara 'yan kallo. Ya kwashi 'yan majalisarsa zuwa Delhi ya jera su a gaban shugaban ƙasa Zail Singh, sannan aka kai su jihar Karnataka aka killace don kada a zare su ɗaya-ɗaya. Jiha ta ɗauki zafi, jam'iyyun adawa suka yi wa gwamnatin Indira Gandhi ca, Ram Lal ya bar kujerar gwamna, wanda ya gaje shi ya mayar da Rama Rao mulki bayan wata ɗaya. Wanda ya fahimci wannan watan ya fahimci rabin tarihin kujerar Babban Minista a Indiya.

Mai karatu a Najeriya ko Nijar zai iya rikicewa da sunayen, saboda gwamna a can ba irin namu ba ne. Indiya na da jihohi 28, kowace da gwamnan da shugaban ƙasa ke naɗawa, wato dai wanda gwamnatin tsakiya ta ga dama. Babban Minista kuwa shi ne shugaban ɓangaren da ke da rinjaye a majalisar dokokin jiha, kuma 'yan sanda, filaye, asibitoci da kasafin kuɗi duk a hannunsa suke. Kujera ce mai nauyi. Wanda ke kanta a Uttar Pradesh yana mulkin mutane sama da miliyan 200, kusan yawan 'yan Najeriya gaba ɗaya. Daga irinta Narendra Modi ya tashi, bayan ya riƙe Gujarat daga 2001 zuwa 2014, kuma Jyoti Basu ya shafe shekara 23 a kanta a Bengal ta Yamma. Sai dai sashe na 164 na kundin tsarin mulki ya ce gwamna ne ke naɗa shi, sashe na 356 kuma ya ba wa tsakiya damar rushe gwamnatin jiha in gwamna ya kai rahoto cewa al'amura sun dagule. A nan gizo ke saƙa: mutumin da jama'a suka zaɓa, wuƙar yanka shi tana hannun wanda Delhi ta aiko.

An kuwa yi yankan. A 1959 gwamnatin Firaminista Nehru ta rushe gwamnatin 'yan gurguzu ta E.M.S. Namboodiripad a Kerala alhali tana da rinjayenta. A 1977 jam'iyyar Janata ta hau mulki ta share gwamnatocin jihohi 9 na jam'iyyar Congress, Indira Gandhi ta dawo a 1980 ta rama da 9 cif. Sashen nan na 356 da B.R. Ambedkar, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya yi fatan ba za a riƙa taɓa shi ba, an yi amfani da shi fiye da sau 100.

Abin da ya taka wa wannan birki shari'ar S.R. Bommai ce, Babban Ministan Karnataka da aka kora a Afrilun 1989 bayan wasu 'yan majalisa sun aika wa gwamna wasiƙun janye goyon baya. Bommai ya roƙi a bar shi ya je zauren majalisa a gwada, gwamna ya ƙi. A Maris na 1994 alƙalai 9 na Kotun Ƙoli suka yanke cewa zauren majalisa ne kaɗai wurin auna rinjaye, kuma kotu na iya bincika dalilan rushe gwamnatin jiha. Ga Bommai kansa ihu ne bayan hari, shekara biyar sun wuce. Amma a ganina babu hukuncin da ya ƙarfafa kujerar Babban Minista kamarsa, kuma dalilin a fili yake. Wasiƙa ana iya sa mata hannu a ɗakin otal, da dare, bindiga ko jakar kuɗi na gefe, gobe kuma mai ita ya ce ba hannunsa ba ne. Ƙuri'a a zaure kuwa a gaban 'yan jarida ake kaɗa ta, mutanen mazaɓa na kallo. An ga amfanin haka a Karnataka a Mayun 2018, lokacin da gwamna ya ba wa B.S. Yeddyurappa kwana 15 ya nuna rinjayen da kowa ya san ba shi da shi. Kotun Ƙoli ta ce a yi gwajin washegari, shi kuma ya ajiye muƙamin kafin a kaɗa ƙuri'a.

Wannan rigima ba baƙuwarmu ba ce. A Mayun 1962 gwamnan Jihar Yamma, Oonin Ife Adesoji Aderemi, ya sauke Firimiya Akintola a kan wasiƙar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ya naɗa Dauda Adegbenro. Aka jefi juna da kujeru a majalisar Ibadan, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. Kotun Ƙolin Najeriya ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta juya hukuncin a 1963 ta ce wasiƙa ta wadatar. Wannan hukunci na Landan ya yi tafiya mai nisa: an yi ta muhawara a kansa a Malesiya a 1966 da aka tsige Stephen Kalong Ningkan, Babban Ministan jihar Sarawak, kuma da irin hujjarsa kotun tarayyar ƙasar ta tabbatar da sauke Nizar Jamaluddin na jihar Perak a 2010. Indiya ta bi ɗaya hanyar, kuma ita ce daidai.

To amma kada a yi saurin tafi. Da aka toshe ƙofar gwamna, sai 'yan siyasa suka koma ciniki kafin a shiga zaure. Dokar hana sauya sheƙa ta 1985 ta ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa, ko ya kaɗa ƙuri'a saɓanin umarninta, ya rasa kujerarsa. Gyaran 2003 ya ƙara ɗaure ta, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jam'iyya sun haɗe da wata jam'iyya kafin su tsira. Dabarar da aka ɓullo da ita kuwa mai sauƙi ce: ba ka sauya sheƙa, murabus kake yi, adadin 'yan majalisa ya ragu, rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren, ka sake tsayawa takara a inuwar sabbin iyayen gida. Haka gwamnatin Kumaraswamy ta faɗi a Karnataka a 2019, haka ta Kamal Nath a Madhya Pradesh a 2020 da mutum 22 suka ajiye kujerunsu. Ko Rama Rao da ya fi ƙarfin gwamna a 1984, mijin 'yarsa Chandrababu Naidu ne ya tara 'yan majalisa a wani otal a Hyderabad a 1995 ya raba shi da kujerar.

Jihar Maharashtra ce ta fi nuna inda rigar ta yage. A Yunin 2022 Eknath Shinde ya kwashi mafi yawan 'yan majalisar jam'iyyarsa ta Shiv Sena, mai jagorancin gwamnatin jihar, zuwa otal a Surat, daga nan aka yi jirgi da su zuwa Guwahati, can ƙarshen gabashin ƙasar, duka a jihohin da jam'iyyar BJP ta Modi ke mulki. Gwamna ya ce a yi gwajin rinjaye, Babban Minista Uddhav Thackeray na Shiv Sena ya yi murabus kafin ranar. A Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ce gwamnan ba shi da hujjar kiran gwajin, amma ba za ta mayar da wanda ya sauka da ƙafarsa ba. Batun ko 'yan tawayen sun karya dokar sauya sheƙa aka bar wa kakakin majalisa, ɗan BJP, wanda da ƙuri'unsu ya hau kujerar. A Janairun 2024 ya ce ɓangaren Shinde ne ainihin jam'iyyar, bai kori kowa ba. Wa ya yi tsammanin wani abu daban?

Za a iya cewa wannan duk hujja ce ta guje wa tsarin gaba ɗaya, a riƙe irin namu inda gwamna ke da shekara huɗu ba mai girgiza shi. Ban yarda ba. Babban Minista yana zuwa zaure ya amsa tambayoyi da bakinsa, ya san ranar da ya raina 'yan majalisarsa kwanansa ya ƙare, gwamnoninmu kuwa sun mayar da majalisun jihohi 'yan amshin shata. Amma 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 da suka gabatar da ƙudirin komawa tsarin firaminista a Fabrairun 2024 sun fi ba da ƙarfi a kan rage tsadar mulki, kuma wannan ba ya taɓa inda ciwon yake. Duk daftarin da za a kawo sai ya faɗa ƙarara cewa ba a sauke shugaban gwamnatin jiha sai da ƙuri'a a zaure, cikin kwanaki ƙayyadaddu, ya hana Abuja naɗa mai riƙe da wuƙar, ya kuma ɗauke shari'ar sauya sheƙa daga hannun kakaki ya miƙa wa kotu da wa'adin yanke hukunci. Sashe na 109 na kundinmu na 1999 ya riga ya ce ɗan majalisar jiha da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, kuma kakaki ne ke aiwatar da hakan. Kowa ya ga yadda aka kwashe a majalisar jihar Ribas tun Disambar 2023.